Tambaya da Amsa: Ina gidajen abincin Kano na da suka shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Mahaifina tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Bompai, kuma hirarsa ba ta wuce wuraren da suke cin abinci a Kano a shekarun 1970 da 1980. Na zaga ban ga ko ɗaya ba. Me ya cinye su? Daga wata mai karatu a Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ƙara wa mahaifinki lafiya. Wallahi kin sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Akwai na manya, wato ɗakunan cin abinci na otal-otal ɗin gwamnati. Daula da ke kan titin Murtala Muhammad, da Bagauda da ke bakin ruwa can wajen gari, duk ayyukan zamanin Gwamna Audu Bako ne, wanda ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975. Sau ɗaya na ci abinci a Daula, ranar walimar auren abokina, kuma har yau ina tuna farin ƙyallen da aka shimfiɗa a kan teburin. Bagauda yanzu reshen makarantar horar da lauyoyi ne. Daula kuwa ya daɗe da daina aiki, kuma a watan Yunin 2023 gwamnati ta rushe gine-ginen da aka yi a filinsa.

Amma ina kyautata zaton ba waɗannan mahaifinki yake kewa ba. Lebura ba ya cin abincin rana a otal. Namu na masu tuwo ne, rumfar kwano da benci biyu, babu allon suna, sai dai a ce "mu je wajen Hajiya".

Tawa Hajiyar tana ƙarƙashin wata darbejiya kusa da ƙofar kamfanin da na fara aiki. Da an busa tashin rana za ki ga kekuna sun yi layi a jikin katanga. Almajirinta zai miƙo buta ka wanke hannu, ita kuma ta buɗe ƙwarya ta ɗauko malmalar tuwon shinkafa tana tururi, ta zuba miyar taushe mai kabewa da yakuwa, sannan ta ɗiga man shanu da bakin ludayi. Ta san wanda ba ya son yaji, ta san wanda matarsa ta haihu. Tana da wani littafi da ya sha maiƙo, wanda ɗanta yake rubuta bashi a ciki, sai ƙarshen wata a biya. Watan da na kwanta zazzaɓi, har ɗakina ta aiko da kunun tsamiya, kuma bai shiga littafin ba. Allah ya jiƙanta da rahama.

Abin da ya kashe irin waɗannan wurare shi ne abin da ya kashe aikin mahaifinki. Daga 1986, da aka shigo da tsarin SAP na gyaran tattalin arziki zamanin Janar Babangida, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Ga matsalar wutar lantarki, daga baya kuma atamfar waje mai araha ta cika Kantin Kwari. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. To, mai tuwon da cinikinta ya dogara da albashin ma'aikata, wa za ta dafa wa? Sannan sana'ar a hannun mace ɗaya take. In ta tsufa, 'ya'yanta mata sun yi aure, shi ke nan an kife tukunya.

Shawarata, ki zauna da mahaifinki bayan sallar isha'i, ki kunna rikodar wayarki. Ki tambaye shi a wace kwana rumfar take, nawa ne malmala, su wa yake zama da su a benci. Ki aiko mana, za mu buga a wannan fili.

Bara na bi ta wajen tawa Hajiyar. An gina shaguna, ana sayar da cajar waya daidai inda murhunta yake. Darbejiyar tana nan, na ɗan tsaya a inuwarta kafin in tari adaidaita.