Amsa ga Yayana na Maraɗi: dalilin da ya sa babbar jami'a ke tsoron makarantar kan dutse

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali na lafiya. Ka ce abin ya ɗaure maka kai, wai yaranmu na nan garin Greensboro, a jihar Arewacin Karolina ta Amurka, da ke goyon bayan jami'ar Arewacin Karolina ta Chapel Hill hankalinsu ba ya kwanciya duk lokacin da za ta kara da Appalachian State a ƙwallon Amurka, alhali an ce maka ita wannan ƙaramar makaranta ce a wani gari cikin duwatsu. Ka kuma tambaya ko mu manya muna da ruwa da wasan nan. Bari in fara da kalmar "ƙarama", don a nan ruɗanin yake.

Jami'o'in Amurka sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni da gasarsa da kuma kwangilarsa da gidajen talabijin. Chapel Hill tana cikin ACC, ɗaya daga cikin manyan rukunai huɗu masu kuɗi. Appalachian State tana Sun Belt, kuma sai a 2014 ta hau babban mataki. Saboda haka ƙarancin nata na aljihu ne da na suna. Kafin ta hau ta ci kofin mataki na biyu sau uku a jere, 2005, 2006 da 2007. Garinta, Boone, tafiyar kamar awa biyu ce a mota daga nan, filinta kuma yana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,000, baƙo kan ji shi a ƙirji kafin a tashi wasa.

Ga abin da ya faru a haɗuwarsu uku tsakanin 2019 da 2023. A 2019, a gidan Chapel Hill, 'yan dutse suka ci 34 da 31. A 2022 babba ta je Boone ta sha da ƙyar, 63 da 61. A 2023 sai da aka shiga ƙarin lokaci sau biyu kafin ta ci 40 da 34. Tazara mafi girma a wasa ukun maki shida ce, wato shiga gida sau ɗaya. Wanda ya ga wannan ba za ka ce masa matsoraci ba.

Don ka fahimci sauran, ga ƙa'idar a taƙaice. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Masu ƙwallo suna da yunƙuri huɗu su ci yadi goma, yadin nan dai da ake auna atamfa da shi. In sun ci a sabunta masu huɗun, in sun kasa ƙwallo ta koma wa abokan karawa. Shiga da ƙwallo ƙarshen fili, wato shiga gida, maki shida ne, da ƙarin ɗaya ta bugun ƙafa ko biyu ta sake shiga. Bugun ƙafa tsakanin sanduna daga nesa maki uku. Agogon wasa minti 60 ne, kashi huɗu, amma da tsayawa da tallace-tallace sai ya wuce awa uku.

Ni a ganina, in an buga sau goma babba ce za ta fi cin nasara, kuma ba don mai jifanta ya fi iya jifa ba. Fifikon yana wajen ƙattin gaba, su biyar da ke tare hanya da kuma huɗu ko uku da ke ƙoƙarin fasa su. Da yawa daga cikinsu masu kilo 135 zuwa 145 ne, kuma wanda ke da irin wannan jiki da saurin ƙafa ba shi da yawa a duniya, manyan makarantu ke kwashe su tun suna sakandare. Ƙaramar makaranta za ta iya fito da goma sha ɗayan farko da ba su da makusa. Matsalarta na biyu da na uku ne a kan benci. Babba tana juya masu tsaron gaba takwas ko tara, kowa ya huta. Ƙarama tana da biyar ko shida da ta yarda da su, to idan aka kai kashi na huɗu ƙafafu sun yi nauyi, gudun da ake tsarewa a yadi uku sai ya zama bakwai. Wasan 2023 ya nuna wannan: Omarion Hampton na Chapel Hill ya ci yadi 234 da ƙafa, ya shiga gida sau uku. Kamar kokawa ce a gasar takobi, inda ƙaramin ɗan kokawa ke neman kaye da wuri don ya san in aka daɗe a riƙe nauyi zai yi aikinsa.

Amma wannan lissafin yana aiki ne kawai idan tsaron babba na kirki ne. A 2022 Chapel Hill ta shiga kashi na huɗu tana gaba 41 da 21, sai Appalachian ta zuba maki 40 a cikin minti 15 ɗin nan. Abin da ya ceci babba shi ne mai jifanta Drake Maye ya ci gaba da nemo maki, sannan 'yan dutse sun yi yunƙurin ƙarin maki biyu har sau biyu a ƙarshe bai yiwu ba. Yawan mutane a benci ba ya gyara masu tsaron baya da ba su san wa za su bi ba.

Hanyoyin da ƙarama ke bi ta kayar da babba sanannu ne, kowane koci ya san su, hana su ne wuya. Ta farko riƙe ƙwallo. Ana ba da daƙiƙa 40 tsakanin yunƙuri da yunƙuri, sai ƙarama ta riƙa cinye kusan duka, tana tafiya yadi uku, yadi huɗu. A wasa na yau da kullum kowane ɓangare kan samu ƙwallo kamar sau goma sha biyu. In aka rage zuwa takwas, babba ba ta da isassun damammakin da fifikonta zai bayyana, kuskure ɗaya ya isa. Da haka Appalachian ta ci Texas A&M 17 da 14 a 2022, mako ɗaya bayan wasan 63 da 61, ta riƙe ƙwallo fiye da minti 41 cikin 60.

Ta biyu ƙwace ƙwallo. A 2019 wani mai tsaron gaba nasu, Demetrius Taylor, ya bugi mai jifa ƙwallo ta suɓuce, ya ɗauka ya shiga gida, daga baya kuma ya cafe wani jifan. In babba ta zubar da ƙwallo sau biyu fiye da ƙarama, to ka ɗauka wasa ya zama kunnen doki. Ta uku ita ce bugun ƙafa, ɓangaren da 'yan kallo ke rainawa. Wasan 2019 ya ƙare ne da tare bugun da zai yi canjaras. Da tare bugu ma aka tashi wasan ranar 1 ga Satumba 2007 a Ann Arbor, garin jami'ar Michigan, lokacin da wannan makarantar, tana mataki na biyu ma a lokacin, ta ci Michigan mai matsayi na biyar a ƙasa 34 da 32 a gaban mutum fiye da 109,000. Daga nesa dole mai bugu ya kwantar da ƙwallon ƙasa-ƙasa don ta yi nisa, shi ya sa hannu ke isa gare ta.

Akwai kuma lokacin shekara. Irin waɗannan wasannin a Satumba ake yi, kafin sababbin 'yan wasa su saba da juna. Tun 2021 ɗan wasa na iya sauya makaranta ya buga nan take, kuma ana iya biyansa kuɗin talla da sunansa. Wannan ya cuci ƙananan, don duk wanda ya haska a wajensu babba na zuwa ta saye shi. Sai dai ita ma babbar takan fara kaka da ƙattin gaba biyar da ba su taɓa tsayawa tare ba, ga su gaban mutanen da suka yi shekara uku suna cin tuwo a kwano ɗaya. In kana son hasashe na gaskiya, kada ka dubi sunan makaranta, ka tambayi mutum nawa cikin biyar ɗin nan suka dawo daga bara, da kuma wasa nawa mai jifan ƙarama ya taɓa farawa.

Za ka ce to me ya kai babba neman wannan rigimar? Tana bukatar wasannin gida don kuɗin ƙofa, kuma yawanci ƙarama ce kaɗai za ta zo ba tare da sharaɗin a rama mata ziyara ba, sai dai a biya ta. Michigan ta biya 400,000, Texas A&M miliyan 1.5, dalar Amurka nake nufi ba dalarmu ta tamma biyar ba. Notre Dame ta ba Northern Illinois miliyan 1.4 a 2024 ta sha kashi 16 da 14 a gidanta. Ka sayi sanda da kuɗinka a doke ka da ita.

Batun mu kuwa, Yaya, gaskiya manyanmu hankalinsu na kan Real Madrid da Barcelona da Mena ta Nijar, ƙwallon Amurka ta yara ce. Amma ta shigo gidajenmu ta ƙofar makaranta. Yaran da aka haifa a nan suna zuwa kallon wasan sakandare daren Juma'a, wasu na bugawa, daga nan su watsu jami'o'in Chapel Hill, Boone, Raleigh, ko A&T da ke nan cikin gari. Gida ɗaya sai ka samu wa da rigar shuɗi mai haske, ƙane da baƙi da ruwan zinariya, uwa na raba faɗa. Masu tuƙin haya kuma dole su san jadawali, don ranar wasa hanyar I-40 takan cushe, ciniki kuma na buɗewa kafin farawa da bayan tashi.

Abubuwa uku muke kiyayewa. Kafin wasa Amurkawa na yin dandali a wajen ajiye motoci suna gashi, kuma gashin da jihar nan ta shahara da shi naman alade ne, ga giya ko'ina. Namu sukan tafi da tsirensu da yaji daga gida, su kafa nasu murhun a gefe, kuma maƙwabta kan zo ɗanɗano. Na biyu salla. Wasan da aka fara ƙarfe 12 na rana yana haɗiye azahar, na ƙarfe 3:30 kuma la'asar, ga shi filaye da yawa ba sa barin wanda ya fita ya dawo. Don haka ake yin alwala tun a waje, a yi amfani da hutun rabin lokaci na minti 20, a nemi kusurwa a ƙarƙashin benaye. Jaka ma sai mai nuna abin da ke ciki ake bari, saboda haka ƙaramar darduma ta aljihu ce ke shiga.

Na uku caca. Tun Maris 2024 jihar ta halatta caca a kan wasanni ta waya, tallarta kuma ba ta barin yaro ya huta. Za ka ji samarinmu na cewa "an ba babba maki bakwai", wato hasashen 'yan caca ne na tazarar da za ta ci da ita. Sanin lambar ba laifi ba ne, ma'auni ce mai amfani, in ta gaza goma ka san masana ba su ɗauki ƙaramar da wasa ba. Sa kuɗi a kai ne limamanmu ke ta jan kunne a huɗuba, iyaye kuma sun koyi duba wayar ɗan jami'a idan ya dawo hutu, ko akwai manhajar a ciki.