Wanne bandiri zaka ɗauka zuwa Ngaundere a ƙasa

Yarona na ga saƙonka tun jiya da daddare, hannuna ne cikin ruwan fata shi yasa sai yanzu. Kace 'yan zawiyarku zasu taka a ƙasa daga nan Garwa har Ngaundere ziyarar Maulidi, kana tambaya ko ka tafi da bandiri, in kuma zaka tafi dashi wanne, sabon nan babba da ka gama ɗaurewa ranar Laraba ko ɗan tsohon da ke rataye bayan ƙofar shago.

Toh ka tafi dashi, amma tsohon. Na san ba haka kaso ji ba, sabon aikin hannunka ne kana so a gani a ce wa ya ɗaura wannan, nima nayi wannan ƙuruciyar. Sai dai fatar da bata yi sati biyu a jikin icce ba bata gama zama ba, har yanzu tana ja tana saki, bata san kanta ba balle ta san hanya. Tsohon nan kuwa ya sha damina huɗu, duk abin da zai yi ya riga yayi, ga shi bai wuce faɗin faifai ba, zai shige jaka ba tare da ka sha wahala ba.

Kilomita wajen 280 ne fa tsakanin Garwa da Ngaundere. Ko kuna cin 25 kullum kun yi kwana goma sha ɗaya ko sha biyu, kuma abin da yake kamar takarda a hannunka a gadar Binuwai kafin ku kai Ngong ya fara magana a kafaɗa, kafin Guna kuwa har carbin aljihunka sai ka ji nauyinsa. Amma ni ba nauyin ne ya dame ni ba, iskar hanyar ce. Garwa a kwari take, bata fi mita 200 da wani abu sama da teku ba, Ngaundere kuwa ta haura 1,000, in kun wuce Mbe kuka fara hawan dutsen nan da masu mota ke cewa falez zaka ji da jikinka an canza maka ƙasa, sanyi da raɓa da hazo da safe, ga shi bana Maulidi ya faɗo cikin damina. Fatar akuya kuwa shan danshi take kamar soso. Da rana tsaka a kan kwalta ta ɗaure tamau tana ƙara kamar kwano, da asuba a saman tudu ta saki, ka buga kaji ɓus kamar ka doki katifa.

A nan ne na taɓa yin asarar da har yau in na tuna sai na ji kunya. Ina kamar shekarunka na bi wasu mutane wannan hanyar da sabon bandiri, wanda maigidana Allah ya jiƙansa ya hana ni ɗauka na ɗauka a ɓoye. Mun kwana a wani ƙauye a saman dutsen, da asuba bayan sallah aka ce in ɗauko a fara, na taɓa fata naji ta yi laƙwas, mutane sun zauna suna jirana, sai na ruga wajen wata tsohuwa da ke hura wutar koko na kara shi a bakin harshen wuta don in yi sauri. Na ga gashin da ya rage a gefe yana nannaɗewa, naji ƙauri, kafin in janye sai tas, ta tsage daga bakin ƙusa har tsakiya. Tsohuwar ko ɗago kai bata yi ba ta ci gaba da fifita wutarta. Icce kawai na rataya har muka dawo.

Saboda haka in ta saki, garwashi zaka nema ba harshen wuta ba, ka riƙe shi nesa kamar kamu biyu, kana juya shi kana shafa tafin hannunka a kai kana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa, da kaji murya ta fara dawowa ka janye tun bata kai inda kake so ba, don tana ci gaba da ja bayan ka ɗauke. In akwai hantsi ma ka bar wutar, ka jingina shi ya sha rana kaɗan ya isa. In kuma zafi yasa ta ɗaure da yawa har kana jin tana ƙyas-ƙyas a gefe, jiƙa hannu ka shafa sau ɗaya ka sa a inuwa. Man kaɗanya ɗan kaɗan a bakin gefe ba laifi, amma kar ka lafta a tsakiya, kashe murya yake.

Wajen ɗauka kuma kar ka goya shi fatar na manne da bayanka, zufa tafi ruwan sama ɓarna saboda gishirin da ke ciki. Ka naɗe shi da tsohon zane, fuskar fatar na kallon waje, kar ka cusa takalmi ko kwano a cikin ramin don samun wuri, na san halinku. Leda ka riƙe babba amma sai hadari ya taso zaka sa shi ciki, ruwa na ɗaukewa ka fito dashi ya sha iska, in ka bar shi kwana biyu a ƙulle cikin leda fumfuna zaka tarar. Da dare rataye shi, ƙasa akwai gara, ɓera kuma ba abin da yake so kamar fata, karen ƙauye ma haka. 'Yan ƙarafunan gefe ka cusa musu tsumma in ba haka ba kacau-kacau ɗin nan na kwana goma sai abokan tafiya sun tsane ka.

Ka ɗauki basilla da zare mai ƙarfi da guntun fata da ƙananan ƙusoshi kamar goma da ɗan ƙaro, duka a gwangwanin madara ɗaya zasu shiga. Wani zai ce maka me yasa bazaka sayi na roba a kasuwa ba ka huta, gaskiya shi ba ruwansa da raɓa, bazan ce maka ƙarya ba, amma in ya fashe ya fashe kenan, kai kuma mai ɗaure fata ne. Kakana da yaje Makka a ƙasa, ta Kusiri ya haye zuwa Fort Lami, don sai 1973 aka mai da sunan Njamena, ya bi Ati da Abeshe da Adre ya shiga Sudan ta Jinena, yana tsayawa yana dukanci yana samun guzuri, shekaru yayi kafin ya ga teku. Bandirin da ya dawo dashi icen ne kawai na gida, fatar yace shi kansa bai san sau nawa ya canza ba, duk inda aka yanka akuya ya samu. Yanzu wannan hanyar ma yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023 ya toshe ta, Allah ya kawo musu sauƙi.

Sai maganar inda zaka buga. Kar ka buga kuna tafe a bakin kwalta, tirelolin nan da ke kwaso kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Njamena basa wasa, in kana kiɗa bazaka ji na bayanka ba. Wajen dajin Binuwai inda hanya ke bin gefen gandun namun daji kar ku yi dare, kuma ba a shelar kai da ganga a daji, ka san labarin zargina, 'yan fashin hanya, ba sai na faɗa maka ba. In kun sauka ƙauye manyanku su gaida jauro, wato mai gari, tukuna su nemi izini, wajen Mbe ƙasar ƙabilar Duru ce akwai Kirista akwai Musulmi, kowa da lokacin barcinsa da na ibadarsa. Ko cikin Musulmin ma wani baya son bandiri, in yace a bari ka bari, ba gardama ta kai ka ba. Kuma muƙaddami ne zai ce a fara, ba kai ba.

Gobe bayan la'asar ka sauko da tsohon ka kawo min in duba ƙusoshinsa, akwai biyu da na ga sun fara tsatsa. Fatun nan uku da ka jiƙa kuma ka kankare su ka shanya kafin ka tafi, kar ka bar min wari a shago.