Lambar Romawa a sunan sinadari: atom take ƙirgawa ko caji?

Tambaya: Malam, ina ajin seconde C a Tawa. A jarrabawar shimi an ce mu rubuta oxyde de fer (III), na rubuta FeO₃, malam ya soke da jan biro. Shi kuwa mai koya mana darasin yamma ya ce lambar cikin baka yawan atom take nunawa. Wa zan bi? Hankalina a tashe yake.

Amsa: Ɗiyata, kwantar da hankalinki, malamin ajinku ne da gaskiya. III ɗin nan cajin lantarkin ƙarfen (fer, alamarsa Fe) take faɗa, wato +3, ana rubuta shi Fe³⁺. Oksijen kuwa O²⁻ ne. Ƙarfe biyu sun ba da +6, oksijen uku sun ba da −6, sai lissafi ya tashi babu saura: Fe₂O₃. Shi ne jigon jar tsatsar da ke cin ƙofar gidanku bayan damina. Ki kuma lura, Faransanci yana fara kiran oxyde ko chlorure, amma a rubutun formul ƙarfe ne a gaba. Sodiyom na gishirin Bilma ba a sa masa lamba, don kullum +1 yake.

Wallahi wannan kuskuren ya ishe ni. Kowace shekara sai na tarar da shi a takardun yara, kuma na san mafarinsa. Mai darasin yamma ya ga chlorure de fer (III) ana rubuta shi FeCl₃, ya ga uku nan da uku can, shi ke nan ya kafa doka, ya buga ta a takardun da yake sayar wa ɗalibai. Alhali dacewa ce kawai, saboda cajin klor −1 ne. Tun 1919 da Bajamushe Alfred Stock ya kawo wannan tsarin, lambar ba ta taɓa nufin yawan atom ba.

Kuma abin ya wuce neman maki. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu a asibiti sulfate de fer (II) ce, don hanji ya fi saurin ɗaukar Fe²⁺. Chrome (III) da shi masana'antu ke jeme fata, chrome (VI) kuwa yana jawo ciwon daji. Chlorure de mercure (I), Hg₂Cl₂, da ƙyar yake narkewa a ruwa, amma chlorure de mercure (II), HgCl₂, yana narkewa, kuma ɗan kaɗan ɗinsa na kashe mutum. Yarinyar da aka koya wa shirme yau, gobe ita ce za ta tsaya a famasi tana karanta kwalba. Masu karɓar kuɗin iyaye suna koyar da abin da ba su tantance ba, ku ji tsoron Allah.

Gobe ki ce wa mai darasin yamma cikin ladabi ya rubuta miki oxyde de cuivre (I); cuivre shi ne jan ƙarfe, alamarsa Cu. Idan ya rubuta CuO, ki nuna masa Cu⁺ biyu ake bukata kafin a biya O²⁻ ɗaya, amsar ita ce Cu₂O.