Wace firinta ce ta dace da wanke hotuna a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Hotunan 'ya'yana sun cika mini waya, ina so in riƙa wanke su da kaina. Na ga wata firinta mai araha sosai, na kuma ga mai tankin tawada da ta fi ta tsada nesa ba kusa ba. Wacce zan ɗauka?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin ki dubi kuɗin na'urar, ki fara lissafa hoto nawa za ki riƙa bugawa a wata, domin abin da zai ci miki kuɗi shi ne tawada da takarda.

Mai arahar nan galibi katirij (ɗan akwatin tawada) biyu take ɗauka: ɗaya baƙi, ɗaya kuma mai launi uku a haɗe. Idan shuɗi ya ƙare alhali sauran biyun suna nan, dole ki jefar da shi gaba ɗaya. Hoto kuma ba kamar wasiƙa ba ne, yana shafe takardar da tawada daga gefe zuwa gefe. A nan ne ake gane cewa araha ba ta ado.

Mai tanki kuwa da kwalba ake ɗura mata, kowane launi da nasa gurbin, don haka kuɗin kowane hoto yana sauka ƙasa sosai. Idan fuskokin mutane ne mafi yawan abin da za ki buga, ki nemi mai launi 6 maimakon 4. Epson L8050 tana ƙara shuɗi mai haske da ja-ja mai haske, Canon G570 kuma tana ƙara ja da ruwan toka. Ƙarin launukan ne ke sa fatar jariri ta fito sumul ba tare da ɗigo-ɗigo a kumatu ba. Firintar leza dai ki bar ta ga takardun ofis.

Sharaɗi ɗaya ne: tawada ba ta son zama. In aka bar na'urar makonni ba aiki, sai ta bushe a ƙananan ƙofofin da ke fesa ta, hoto ya fito da fararen layuka. Wanke ƙofofin kuma tawada yake sha, yana zuba ta cikin wani soso da ke cikin na'urar, wanda shi ma wata rana zai cika. Ki riƙa buga shafi ɗaya mai launi kowane mako, kuma ki kashe ta da maɓallinta kafin ki zare wayar wuta, don kan da ke fesa tawadar ya koma mazauninsa ya rufu.

Tambaya: Ni sai lokacin biki ko suna nake buƙatar hoto. Me ya dace da ni?

Malam, kai mai tanki za ta toshe maka. Nemi ƙaramar nan irin Canon Selphy CP1500. Ba ruwan tawada a cikinta, wata leda ce mai launi da zafi ke sauke launinta a jikin takarda. Za ka ga takardar ta shiga ta fito sau 4: rawaya, ja-ja, shuɗi, sannan wani rufi mai kare hoton daga danshi da shatin yatsa. Ana sayar da ledar tare da takardarta, akwai fakiti mai hoto 108. Raba kuɗin fakitin gida 108, ka san kuɗin kowane hoto. Ya fi na mai tanki tsada, kuma ba ta buga hoton da ya wuce girman santimita 10 da 15.

Tambaya: Firintata sabuwa ce, amma hotunan suna fitowa da duhu, ba su kai yadda nake gani a waya ba.

Da wuya laifin na'urar ne. Fuskar waya haske take fitarwa, takarda kuwa sai wanda ya sauka a kanta, saboda haka ka rage hasken wayar zuwa rabi kafin ka gyara hoto. Sannan ka duba takarda: sayi ta hoto mai sheƙi, mai nauyin giram 200 zuwa 260, kuma ka zaɓi irinta a cikin saitin bugawa. In ka bar saitin a kan takardar rubutu, tawadar da za ta sauka ba za ta dace ba.

Abin da aka fi mantawa shi ne asalin hoton. Girman 10 da 15 yana son hoto mai ɗigo (pixel) 1200 da 1800 kafin ya fito tas. WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi yadda aka saba, don haka ka ce wa mai turo maka ya aiko shi a matsayin fayil. Ka fara gwada guda ɗaya, ka bar shi ya bushe, ka dube shi a hasken rana kafin ka saki sauran.