Dodon azumi na Wagadugu

Taubashi, tun da na baro Zariya tambayarka take yi mini yawo a ka. Muna zaune a ƙofar gida a Tudun Wada na nuna maka hoton yaranmu sanye da fuskokin dabbobi, ka kama baki ka ce, "Ashe zama da Moshi ya sa kun koma wasan dodanni?" Kiran sallar magariba ya katse mu ranar, ga amsarka yau.

Wasan nan sunansa dodo. Haka Moshi ma, ƙabilar da muke zaune cikinta a nan Burkina Faso, suke kiransa, domin daga hannun kakanninmu suka karɓe shi da sunansa. Fataken Hausa ne suka yada zango a Wagadugu, unguwarsu ta zama Zangwetin, inda aka yanke mini cibi. A watan azumi ake yinsa, da dare bayan an sha ruwa, yara su bi gida-gida da kiɗa da waƙa a ba su ɗan abin da ya samu. Kai da ka yi tsoho da gemu a lungunan Zariya, faɗa mini sunan wannan in ba tashe ba.

Amma fa tsoro, mun ji shi. Ina ɗan shekara 6, da na jiyo kiɗan gwangwani daga bakin layi sai in shige bayan Inna in riƙe zanenta, ido ɗaya a waje. Ƙwarya ce suke hudawa su yi mata idanu da ƙahoni, su shafe jiki da farar ƙasa, su ɗaura jela, ga kacau-kacau a ƙafa. Kowane dodo da sanduna biyu yake dogarawa, yana rawa a duƙe kamar mai ƙafa huɗu, maharbi na zagaya su da baka. Kaka kuma ta ƙara wa wutar itace: wai wani maharbi ne ya ƙi jin magana ya fita farauta ranar Juma'a, aka mai da shi rabi mutum rabi dabba. In na ƙi cin tuwo, shi za a kira mini. Duk da haka, daren da ba su biyo layinmu ba kuka nake yi.

Malamanmu ma ba bakinsu ɗaya ba a kansa, wasu na cewa shagala ce a wata mai alfarma. Ka san wannan muhawarar, ko a kan tashenku ana yinta.

Abin da ya raba ni da tsoron kuwa, wani dare dodon da na fi shakka ya matso har gabana yana gurnani. Na sunkuyar da kai, sai idona ya faɗa kan babban yatsan ƙafarsa, ɗaure da tsumman da na ga Inna ta ɗaura wa Yaya da safe. Da azumi ya zagayo, ni na sace mata ƙwaryar fura.