Sarƙar kekena tana tsalle, me zan yi?

Tambaya: Malam, nakan hau keke daga Mabera zuwa Babbar Kasuwa. Duk mako ina zuba wa sarƙar baƙin mai, amma tana ƙara, in na taka feda da ƙarfi kuma sai ta yi tsalle. Sabuwa zan saya?
Wani mai karatu, Sakkwato

Amsa: Ɗan'uwa, man nan naka ne ke cin sarƙar. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da datti, ƙurar hunturu kuma ta manne masa, su haɗu su riƙa goge ƙarfen kamar takardar yashi.

Ka samo kananzir da tsohon buroshin haƙori ka wanke ta tas, ka bari ta bushe. Sai ka ɗiga sabon mai, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya, ka goge saman da tsumma. Cikin gaɓar ke buƙatar mai, na waje ƙura kawai yake kira.

Kafin ka fidda kuɗi, ari tef ɗin tela ka auna. A sabuwar sarƙa, gaɓoɓi 12 cikakku (wato kowace gaɓar ciki haɗe da ta waje a ƙirga su ɗaya) inci 12 ne daidai. In taka ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta gama aiki, kuma ta riga ta cinye haƙoran firiwil, wato ƙarfen nan mai haƙora na tayar baya da sarƙar ke hawa. Nan dole ka sauya su tare. Wasu masu gyara kan cire gaɓa ɗaya su ce an gama. Ni ban yarda da wannan ba, tsallen zai dawo.