Mai keke da masu kwanar dama a bakin danja

Tambaya: A titin da nake bi da keke akwai layin masu kwanar dama dab da danja. Ni miƙewa nake yi, amma kullum motoci sai sun yanko gabana. Yaya ya kamata a tsara irin wannan mahaɗa, kuma a ina zan tsaya?

Amsa: Malam, matsalar daga tsarin titin take. Tun 1972 ake tuƙi a hannun dama a Najeriya, don haka mai keke yana bakin titi, daidai inda mai kwana zai karya. Direba ya kai idonsa hagu yana neman sarari, kai kuwa kana gefensa, inda madubi ba ya kama ka.

Gyara mai arha shi ne a ja layin keke da fenti, ya koma hagun layin kwana tun kafin mahaɗa. A ganina rabin magani ne: an dai mayar da wurin da keke da mota ke giftawa can baya, inda motoci ba su rage gudu ba, kuma fenti ba ya tare mota.

Tsarin ƙasar Holan ya fi. Ana gina ɗan dakalin kankare a kusurwa, ya matse kwanar, dole direba ya sauko zuwa wajen kilomita 15 a awa. Sannan a janye mashigar keke kimanin mita 5 daga babban titi, tsawon mota guda ke nan. Kafin motar ta iso mashigar ta riga ta juya, sai direba ya hango mai keke ta gilashin gaba, ba sai ya waiwaya ba, kuma yana da inda zai taka birki ba tare da ya tare na baya ba. Idan aka bar kwanar da faɗi saboda manyan motoci, ƙananan za su sha ta a guje, aikin ya tashi a banza. Shi ya sa ake yi wa dakalin leɓe mai ɗan tudu wanda tirela za ta iya takawa.

Danja ma na taimakawa: a saki keke daƙiƙa 3 zuwa 7 kafin motoci.

Inda babu ko ɗaya, kada ka tsaya a layin kwana in miƙewa za ka yi. Waiwaya tun da nisa, ka miƙa hannu, ka shiga layin masu miƙewa. Tirela ko tifa kuwa, kada ka kuskura ka kutsa ta damarta ko ba ta kunna sigina ba. Takan buɗe hagu kafin ta karya, tayoyin baya su share gurbin da ka ɗauka sarari ne. Tsaya a bayanta har ta wuce.